Kafin ka sake sayen wata amfilifaya, duba ɗakin

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce ka zuba kuɗi mai yawa a kayan sauti na gida, ka sauya amfilifaya (na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura shi lasifika), ka sauya wayoyi, amma duk abin da ka kawo sai ya yi maka daɗi na 'yan makonni, daga nan zuciya ta sake tashi neman wani. Kana so a faɗa maka abin da za ka saya hankalinka ya kwanta. Shawarata ita ce ka dakata da saye tukuna. Galibin masu wannan kuka, an bar jaki ne ana dukan taiki: abin da ke damun kunne yana cikin ɗakin da mazaunin lasifikokin, su kuma akwatuna ake ta sauyawa.

Sautin da ke isa kunnenka iri biyu ne. Akwai wanda ya taho kai tsaye daga lasifika, akwai wanda ya bugi bango, silin da daɓe ya dawo. A ƙasa da kimanin 300 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti, ƙaramar lamba sauti mai kauri), wato wurin bes, sautin nan mai kauri, ɗaki ne ke da iko. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Ka raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakinka, za ka ga inda ɗakin ke kumbura sauti. Ɗaki mai tsawon mita 5 yana yin haka a 34 Hz, sai kuma wajen 69 da 103. Faɗin mita 4 yana ba da 43 Hz da 86. A irin waɗannan wurare bes yana cika ya yi gunji a wata kujera, ka matsa taku biyu ka ji ya ɓace ɗungurungum. Bambancin yakan kai 15 dB (ma'aunin ƙarar sauti) ko fiye. Amfilifaya biyu masu inganci kuwa, idan ba a matsa musu fiye da ƙarfinsu ba, bambancinsu a awo sau da yawa bai kai rabin dB ba. To ka ga inda matsalar ta fi nauyi. Ɗaki mai tsawo da faɗi daidai da juna ya fi kowanne wahala, domin kumburin biyu suna haɗuwa a wuri guda.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Lasifikoki biyu da kanka su zama kusurwa uku masu tazara daidai: idan tsakanin lasifikokin mita 2.5 ne, kai ma ka zauna mita 2.5 daga kowacce. Ka auna da tef, kada ka yi da ido, domin bambancin santimita kaɗan yana karkatar da muryar mawaƙi gefe ɗaya. Tuwita, ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti, ta daidaita da tsayin kunnenka kana zaune. Ka ɗan juyo fuskokinsu su dube ka, sannan ka riƙa buɗe su kaɗan-kaɗan har murya ta tsaya cak a tsakiya ba tare da sauti ya yi tsini ba. Kujera kada ta jingina da bangon baya, can bes ke taruwa. Kada kuma ta zauna a tsakiyar ɗaki daidai, can yake ɓacewa. Wajen kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin daga bangon gaba wuri ne mai kyau na farawa, amma ba doka ba ce, kunne da awo su ne alƙalai.

Akwai wani tarko da ke tsakanin lasifika da bangon da ke bayanta. Bes yana bazuwa ta ko'ina, ya bugi bangon ya dawo ya soke wanda ke tahowa gaba. Lissafinsa 343 a raba da ninki huɗu na tazarar fuskar lasifika zuwa bango. Tazarar mita ɗaya tana haƙa rami, wato sauti ya raunana, a wajen 86 Hz, daidai inda ganga da jitar bes ke da nama. Mutum ya ji sautinsa ba kauri, ya ɗora wa amfilifaya laifi. Maganin shi ne ko dai a matso da lasifikar kusa da bango sosai, ramin ya hau sama inda abin tsotse sauti zai iya kama shi, ko a janyo ta can cikin ɗaki idan da fili. Idan tana da ramin iska a baya, a bar mata tazarar da takardar kamfanin ta ce.

Sai bangon gefe. Ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bango daidai tsayin kunne. Duk inda ka hango tuwita a madubin, nan ne sauti ke fara bugawa ya dawo maka. A nan ake sa allon tsotse sauti. Kaurinsa ya kai santimita 10, na audugar dutse ko audugar gilashi da aka lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa. Siririn soson nan mai ƙahonni da ake mannawa a bango, saman sauti kawai yake sha ya bar gunjin bes, sai ɗaki ya mutu a sama ya kumbura a ƙasa, abin ya fi na da muni. Daɓen tayil yana son kafet mai kauri tsakaninka da lasifikoki, tagar gilashi tana son labule mai nauyi. Kusurwoyi kuwa, allo mafi kauri ake tsayarwa a ciki, domin nan bes ke taruwa.

Idan ka gama wannan, ka auna. Manhajar REW kyauta ce, makirufon awo irin UMIK-1 na miniDSP ana soka shi a kwamfuta kai tsaye. Za ka ga tudu da ramin ɗakinka da idonka. Gyara ta manhaja, irin Dirac Live ko Audyssey, yana da kyau wajen rage tudu a bes. Rami kuwa ba ya cikuwa da ƙarin ƙarfi, domin sautin da ka ƙara shi ma soke kansa zai yi, sai dai ka wahalar da amfilifaya da wufa, babbar lasifikar da ke fitar da bes. Rami, matsar da kujera ko lasifika ke gyara shi, ko sabwufa, akwatin lasifika na daban da bes kawai yake fitarwa. Sabwufa biyu a wurare daban sun fi guda ɗaya babba daidaita bes a ɗaki. Ana yawan raba aiki tsakanin sabwufa da lasifikoki a 80 Hz. Idan guda ɗaya ce, ka ɗora ta a kujerarka, ka kunna bes, ka zaga gefen bango a durƙushe, inda ka ji bes ya fi daidaita nan ne mazauninta.

Yanzu ga abin da ke sa sabon kaya ya yi daɗi sannan daɗin ya gushe. Kunne yana ɗaukar abin da ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau, ko da bambancin bai kai dB ɗaya ba. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa idan ƙara ta ragu, kunne ya fi rasa bes. Saboda haka duk gwajin da ba a daidaita ƙara ba, yaudarar kai ne. Ka kunna amon gwaji na 1 kHz, ka auna wutar da ke bakin lasifika da na'urar awon wuta, ka daidaita na'urorin biyu har bambancinsu bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, wato kimanin 0.1 dB. Sannan wani ya riƙa sauya maka ba tare da ka ga wacce ke aiki ba. Binciken da Floyd Toole da Sean Olive suka gabatar a 1994 ya nuna cewa makin da masu sauraro ke ba lasifika yana sauyawa idan suna ganin girmanta da sunanta, har ƙwararru ba su tsira ba. Abin da ba ka iya bambancewa a rufe, bai cancanci kuɗinka ba, komai kyan akwatinsa.

Kuɗi, idan za a kashe, lasifika ce ta fi cancanta, ita ce ta fi sauya sauti bayan ɗaki. Ka nemi wadda awonta ya miƙe sumul daga gaba, daga gefe ma bai yi tudu da kwari ba. Lasifikar da ke burge mutum a minti biyar na farko da ƙyalƙyalin saman sauti, ita ce ke gajiyar da kunne bayan awa ɗaya. Gwaji na gaskiya shi ne ka saurare ta a ɗakinka na kwanaki, da waƙoƙin da ka sani kamar yunwar cikinka, har da waɗanda ba a ɗauke su da kyau ba, tunda su ma za ka ci gaba da ji.

Amfilifaya aikinta ta iya lasifikar. Duba lambobi biyu: yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa, da om ɗinta, wato ma'aunin turjiyar da take yi wa wuta. Mai 85 dB tana buƙatar ninki biyu na ƙarfin da mai 88 dB ke buƙata kafin su yi ƙara ɗaya. Daga wat 100 zuwa 200, ƙarin 3 dB ne kacal. Lasifikar da ke sauka om 4 ko ƙasa tana son amfilifayar da aka rubuta tana ɗaukar om 4. Ƙaramar amfilifaya da aka murɗa har ta shaƙe tana ƙona tuwita, alamarta sauti ya yi kaushi a wurin da kiɗa ya yi ƙarfi. Waya kuwa, jan ƙarfe mai kaurin 2.5 mm² ya isa tazarar 'yan mitoci. Abin dubawa shi ne ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a ɓangarorin biyu. Idan ɗaya ta juye, bes zai tsuke, murya ta watse ba tsakiya. DAC, na'urar da ke juya lambobin fayil su zama sauti, na zamani mai kyau ya wuce abin da kunne ke kamawa, kuma yadda aka haɗa waƙa a situdiyo ya fi yawan lambobin fayil tasiri. CD mai 16 bit da 44.1 kHz da aka haɗa da kyau ya fi babban fayil da aka matse sautinsa don ya yi ƙara.

Wani lokaci kuma sautin ne ya lalace a hankali ba ka lura ba. Allurar faifai tana cinyewa, yawanci tsakanin awa 500 zuwa 1000, kuma nauyinta a kan faifai a auna shi da sikeli bisa abin da kamfanin ya rubuta. Kwalaben amfilifaya mai bawul suna rauni da amfani. Soson gefen wufa yana ruɓewa bayan shekaru. Gunjin 50 ko 60 Hz da ba ya tafiya galibi daga na'urorin da aka soka a soket daban-daban ne, ka haɗa su a wuri guda, amma kada ka kuskura ka cire wayar ƙasa ta kariya. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko. Kunnenka ma kaya ne: 85 dB na awa takwas shi ne iyakar da hukumar NIOSH ta Amurka ta ba ma'aikata, kowane ƙarin 3 dB yana raba lokacin biyu.

Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, ka manna tef a daɓe inda lasifika take kafin ka motsa ta, ka zauna da sauyin mako biyu. Idan bayan haka za ka iya faɗin matsalar da sunanta, misali bes ba ya sauka ƙasa da 50 Hz, ko sauti yana shaƙewa idan ka ƙara, to ka san abin da za ka saya. Ka turo mana tsawo, faɗi da tsayin ɗakin, sunan lasifikokin da tazararsu daga bango, sai a lissafa maka inda za ka fara ajiye kujera.