Wane Farin Ciki Ne Mai Ɗorewa a Falsafar Yoga?

Tambaya: Malam, ni dai na san yoga da motsa jiki, sai na ji an ce masu falsafarta a Indiya sun kasa farin ciki gida uku. Haka ne? Wanne ne mai ɗorewa? Don ni duk abin da na daɗe ina nema, da ya zo hannu sai daɗinsa ya gushe.

Amsa: Haka ne, ɗan'uwa. Rabon yana cikin Bhagavad Gita, littafin mabiya addinin Hindu, a babi na 18, baiti na 36 zuwa 39. Sun ɗora shi a kan ɗabi'u uku da suke ganin komai na duniya a cakuɗe yake da su: sattwa mai haske da natsuwa, rajas mai zafin nema, da tamas mai duhu da nauyin jiki.

Na tamas bai buƙatar dogon bayani. Daɗin barci ne da kasala da sakaci, ruɗi ne daga farkonsa har ƙarshe.

Abin da kake kuka da shi na rajas ne, wato daɗin da ke zuwa idan ido ko harshe ko kunne ya haɗu da abin da yake so. Littafin ya ce farkonsa zaƙi, ƙarshensa guba. Patanjali, mai littafin Yoga Sutra, ya bayyana dalili a babi na 2: abin yana canzawa, kana fargabar rasa shi tun yana hannunka, sannan ya bar maka tabo a zuciya da zai sa ka sake nema. Ka duba mai sabuwar waya: bai gama murna ba ya fara tsoron ɓarawo, kafin shekara kuma idonsa ya koma kan wadda ta fito bayanta. Wayar ba ta yi laifin komai ba, an dai ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Na sattwa kuwa farkonsa ne ke kama da guba, zaƙin sai daga baya. Yana fitowa daga zuciyar da ta washe bayan doguwar horarwa, irin ta kame kai da zaman tunani a kullum. Shi ya sa Patanjali ya sanya santosha, wadatar zuci, cikin ɗabi'un da mai yoga zai lazimta, ya ce daga gare ta ake samun farin cikin da babu na sama da shi. A ganina nan ne amsarka take, domin wannan daɗin ba wani ne ya ba ka ba, balle ya ƙwace.

Sai dai akwai gargaɗin da masu koyar da yoga na zamani kan tsallake. A babi na 14, Gita ta ce sattwa ma tana ɗaure mutum, idan ya maƙale wa natsuwar da ilimin da ya samu. Wanda ya fara alfahari da kwanciyar hankalinsa, ko yake fushi da duk wanda ya katse masa zaman tunani, bai kuɓuta ba tukuna. Abin da Patanjali ya sa a gaba shi ne kaiwalya, inda mai gani, wato ainihin ran mutum, ke gane cewa shi daban, abin da ke kai-komo a zuciyarsa daban. Hanyar zuwa can biyu ya ambata: naci a kan horo, da sakin kwaɗayi.