Tambaya da Amsa: Wai ina sakamakon binciken da ake yi a kanmu yake zuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye ta hanyar Giwa. Kusan duk shekara sai ɗalibai sun zo mana da fom suna tambayar mata haihuwa nawa, ɓari nawa, wani lokacin har jini ake ɗiba, daga nan shiru kake ji. Yanzu matan sun fara cewa su fa sun gaji. Don Allah binciken jami'a yana da amfani ga talaka kuwa, ko neman digiri ne kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Gaskiya matan nan suna da hujja, amma kar ki yi wa bincike kuɗin goro, domin a nan Zariya ɗin an taɓa yin irin wanda ya amfani talaka sosai.

Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, aka fitar da sakamakon a 1985. Ba wata na'ura mai tsada ce ta yi aikin ba fa, rubutu ne kawai da haƙuri, duk macen da ta shigo a rubuta shekarunta, tsawonta, ta zo awo ko ba ta zo ba, yaya aka ƙare. Da aka haɗa sai ga shi ƙiri-ƙiri, matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai naƙuda ta yi tsanani ake kawo su a galabaice, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, sannan ƙananan 'yan mata da ƙugunsu bai gama buɗewa ba su ke shan doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Har yau masu maganar mutuwar mata wajen haihuwa a Afirka suna kafa hujja da wannan aiki.

A shekarun 1970 ɗin dai likitoci a Zariya suka lura masu jego na yawan zuwa da kumburin ƙafa da haki, zuciya ta gaza, da suka bincika sai suka danganta abin da yawan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kin ga wannan, mutumin da ke zaune a Ingila ba zai taɓa gano shi ba, sai wanda ya shiga gidajenmu ya ga tukunyar tana tafasa.

To me ya bambanta wancan da na ɗaliban da ke zuwa miki? Ɗalibi firojet yake yi, wato ɗan binciken kammala karatu, kuɗin aljihunsa ne, wata uku ya gama a ɗaure a ajiye a kanta. Ba laifinsa ba ne kacokan. Binciken ƙwarai yana son malamin da zai zauna shekaru kan matsala ɗaya, da ɗakin gwaji mai wuta tsayayya don kar samfurin jini ya lalace a firij, da kuɗin mota zuwa ƙauye har da damina, ga shi kuma ƙwararrunmu da dama suna ta ficewa Saudiyya da Ingila. Akwai TETFund, hukumar gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, da aka kafa a 2011 tana ba da tallafin bincike, amma ni a ganina ya kamata duk wanda zai karɓa a sa masa sharaɗin komawa ya faɗa wa mutanen abin da ya gano, da Hausa, a ƙofar gidan mai unguwa, kuma a riƙa sa irinku cikin aikin tun daga farko tunda ku kuka san inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi.

Kafin nan, in sun sake zuwa ki nemi ganin takardar izinin kwamitin da ke tantance bincike, ki karɓi suna da lambar malamin da ke duba aikin, ki tambaye su yaushe za su dawo da sakamako, a rubuta. Duk macen da ba ta so tana da damar cewa a'a, kuma ba a hana ta magani don ta ƙi. Rajistarki ta awo da haihuwa kuwa ki riƙa cike ta tsaf, har wadda aka tura asibitin koyarwa na Shika ki bibiya ki rubuta yadda ta ƙare.