Motar haidirojin a zafin Sakkwato, anya ba za ta tashi da mutum ba?

Tambaya: Injiniya, tunda aka cire tallafin mai a 2023 kowa maganar gas yake, yanzu kuma na ji wai har da mota mai aiki da haidirojin. Da wannan rana tamu tankin ba zai fashe ba kuwa? Daga wani mai karatu a Mabera.

Amsa: Malam, batun rana dai kwantar da hankalinka. Zafinmu na Afrilu yakan haura digiri 40, shi kuwa haidirojin, wato iskar gas ɗin da ake ɗura wa motar, sai zafi ya kai wajen digiri 500 kafin ya kama da kansa, fetur ma ya riga shi kamawa. Tankin mota irin Toyota Mirai, wadda ta fito a 2014, da zaren kabon aka naɗe shi, yana riƙe matsi kusan ninki 700 na iskar da muke shaƙa, kuma akwai bawul mai sako iskar waje in gobara ta tashi.

Tsorona a wani wajen yake. Iskar nan ba wari ba launi, ba kamar gas ɗin girki ba da ake sa wa wari don hanci ya ankarar da kai, in ta kama da rana ma da ƙyar ido ke ganin harshen wutar. Kashi 4 cikin 100 kawai in ta kai a iskar ɗaki ta isa, kuma ɗan tartsatsin nan da riga ke yi lokacin hunturu zai iya kunna ta. Sauƙinta ɗaya, ta fi iska rashin nauyi sau 14, a fili sama take gudu, amma a rufaffen gareji ƙarƙashin silin take taruwa.

Kuma fa tana gidajenmu tuni. Batirin sola mai ruwa yana fitar da ita in yana caji, sai ka ga an cusa batir huɗu da inbata a ɗan sito ba taga, wallahi abin na damuna, a buɗe masa kafar iska ta sama don Allah.

Sai aikin hannu. A 2019 gidan sayar da haidirojin ya fashe kusa da Oslo a Norway saboda toshiyar tanki da ba a ɗaure daidai ba. A birnin Benin na jihar Edo kuma 2024, tukunyar CNG (gas ɗin mota) ta bogi ce ta fashe ana cikin ɗura gas, alhali matsin CNG wajen ninki 200 ne kawai, ba 700 irin na haidirojin ba. Don haka in motar ta iso, kar mai walda ya taɓa maka tankin, kai wa wanda aka horar.