Amsa: Shin ruwan laimar kwaɗi yana kashe tsutsar ciki?

Malama, kin tambaya ko ruwan laimar kwaɗi da ake tallarsa a WhatsApp zai raba yaronki ɗan shekara 5 da tsutsar ciki. A'a, kada ki dogara da shi. Maganin da aka tabbatar shi ne albendazole, ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 ga yaron da ya haura shekara 2, ko mebendazole, kuma ba su da tsada a kemis. Amma fara kai bayan-gidansa a auna a asibiti, don tsutsa iri-iri ce. In kuma jini yake fitowa a fitsarinsa, wannan tsargiya ce, irin wadda yara ke kwasowa wajen wanka a kududdufi ko ruwan noman rani irin na Kadawa a jihar Kano, maganinta kuwa praziquantel.

Maganar masu tallar ba ƙarya ce zalla ba. Akwai laimar kwaɗi da ake ci wadda ke shanye jikin ƙananan tsutsotsi da dafinta ta cinye su, sai dai a jikin ruɓaɓɓen itace take yin haka, ba a hanjin mutum ba. Ni abin da ya fi tsorata ni, cikin waɗanda ke tsirowa da damina akwai masu lalata hanta, kuma da wuya a bambance su da ido, balle an tace an ɗura a gorar da babu lambar NAFDAC. Na sha ganin yaran da aka ba magani tsutsar ta dawo saboda yawo ba takalmi da cin abinci ba wanke hannu, to ki sa ido a nan ma. In kina da ƙaramin ciki, kada ki sha albendazole a watanni 3 na farko.