Tambaya da Amsa: Hutun ƙarshen mako a Badagry da iyali

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege. Ina so in kai maiɗakina da yaranmu uku Badagry mu yi Asabar da Lahadi, don yaran ba su taɓa ganin teku ba ko da yake a Legas aka haife su. Yaya zan tsara tafiyar, kuma yara za su iya wanka a tekun?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da tambayarku ta biyu, domin ita ce mai haɗari. A'a, kada yaran su shiga tekun, ku ma kada ku shiga.

A Badagry ruwa biyu ne, kuma baƙo yakan ɗauka duk ɗaya ne. Wanda ke gaban garin, inda kwalekwale ke tsayawa, ruwa ne kwantacce da ya miƙe daga Legas har Porto-Novo ta ƙasar Benin. Tekun Atlantika kuwa yana can bayan wani siririn tsibiri mai yashi da itatuwan kwakwa. Gaɓar tekun a wannan yanki tana da gangara sosai, shi ya sa igiyar ruwa take fashewa daf da ƙafar mutum, sannan ta koma da ƙarfi tana zare yashin da yake tsaye a kai. Babba ma da ruwa ya kai masa gwiwa yana iya faɗuwa, balle yaro. Bayan wannan akwai wuraren da ruwan da igiya ta turo yake taruwa ya koma teku ta wata siririyar hanya, da gudun da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiyayye: kumfa ba ta tashi a nan, ruwan ya ɗan yi duhu ko ya gauraya da yashi, gefe da gefe kuwa igiya tana fashewa. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutane. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe har ya fita daga hanyar. Wanda ke kan tudu kuma kada ya faɗa ceto, ya kira masunta ya jefa abin da ba ya nitsewa, ko da jarka ce.

Yaran su yi wasansu a busasshen yashi. In suna son ruwa ya taɓa ƙafarsu, babba ya riƙe hannun yaro ɗaya, a tsaya inda kumfa ke ƙarewa, fuska tana kallon teku. Mai ɗaukar hoto da ya juya wa ruwa baya shi igiya ta fi mamaya. Doguwar riga da hijabi kuma idan suka jiƙe nauyi suke yi.

Sai maganar hanya. Badagry ba ta da nisa, kusan kilomita 60 ne daga tsakiyar Legas, amma cunkoso ne ke yanke tsawon tafiyar. Daga Agege ba sai kun zagaya ta Mile 2 ba. Ku bi Iyana Ipaja, Egbeda, Igando, ku fito Iyana Iba kusa da jami'ar LASU, sannan ku hau babban titin Badagry ta Okokomaiko da Agbara. Ku tashi da zarar an idar da sallar asuba ranar Asabar, za ku iya isa cikin awa biyu ko ƙasa da haka. Wanda ya bari sai hantsi, ko ya ce zai tafi Juma'a da yamma, yana iya ninka wannan. Hanyar ita ce ke zuwa iyakar Seme, wajen kilomita 20 gaba da Badagry, don haka daga Agbara shingayen jami'an tsaro sun yi yawa. Kowane babba ya riƙe katin shaidar ɗan ƙasa, takardun mota su zama cikakku, kuma a dawowa kada arha ta ruɗe ku ku sa buhun shinkafar waje a but.

In kun isa, ku fara da tsibirin Gberefu tun rana ba ta yi ba. Yawancin baƙi suna barinsa sai ƙarshe, sai su tsinci kansu a kan yashi mai ƙuna da tsakar rana da yara suna kuka. Tsallakawa a kwalekwale mai inji 'yan mintoci ne. Ku yi ciniki kan zuwa da dawowa tun a bakin ruwa, ku karɓi lambar matuƙin, kuma kowa ya sa rigar kariya. Ku duba ta yaran da kyau: in kun kama kafaɗar rigar kun ɗaga ta haura kunnen yaro, ta yi masa yawa, zai zame daga ciki. Daga inda aka sauke ku zuwa bakin teku tafiya ce ta kamar minti 20 zuwa 30 a ƙasa, kuma inuwa kaɗan ce. Wannan ita ce hanyar da ake kora bayi zuwa jiragen Turawa, shi ya sa ake kiran ƙarshenta wurin da ba a dawowa. A tsakiyar hanya akwai rijiyar da ake cewa ana shayar da bayin ruwanta don su manta gida. Ku tafi da ruwan sha aƙalla lita ɗaya ga kowane mutum, da hula ko laima, da takalmin da ba ya cika da yashi. Ku tsallako kafin azahar.

Bayan sallah da abinci sai gidajen tarihi, waɗanda suke kusa da juna a titin bakin ruwa. Akwai benen da mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya (ɗan Kano ko Katsina zai yi musu, tunda benen ƙasa ya daɗe a Arewa). Akwai gidan tarihin da ke tsohon ofishin Di'o na 1863. Amma in lokaci ya ƙure, wanda bai kamata ku rasa ba shi ne gidan Seriki Williams Abass. Shi kansa an taɓa sayar da shi bawa, daga baya ya zama babban dillalin bayi kuma Sarkin Musulmin garin, ya rasu a 1919. Ɗakuna 40 ne a gidan na tsare bayi, kowanne bai fi taku uku ba a kowane gefe, da 'yar taga ɗaya can sama. Za a nuna muku sarƙoƙin wuya da na ƙafa, har a ce ku ɗaga ku ji nauyinsu. Ku yi wa manyan yaran bayani tun a mota, ƙaramin kuma in ya tsorata a fita da shi. Abin da zai ƙara jan hankalinsu shi ne daga Badagry Baturen nan Clapperton ya kama hanya a Disambar 1825 don zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a Sakkwato ya mutu a 1827. Kowane gida da kuɗin shigarsa, mai zagayawa da ku ma zai sa ran ihsani, don haka ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana, kada ku dogara da tiransifa.

Wurin kwana, ku kira tun ranar Laraba ku yi tambaya uku: ƙarfe nawa ake kashe janareta, akwai raga a tagogi, kuma akwai kiɗa da dare? Masauki da yawa a bakin ruwa mashaya gare su, daren Asabar ba a barci, mai iyali gara ya zaɓi na cikin gari. Sauro yana da yawa saboda ruwan kwance, ku tafi da gidan sauronku. Ruwan famfo kan yi zartsi, na sha sai na gora. Abinci kuwa kifi ne da ƙaguwa da kwakwa. Gasasshen kifi a tabbatar ya gasu har ƙashi, kuma yaron da bai taɓa cin ƙaguwa ba a ba shi kaɗan tukuna.

Lahadi da safe ku je Suntan Beach da ke hanyar Seme, inda ake hayar rumfa. Mota ta tsaya a ƙasa mai tauri, don taya tana nitsewa a yashi, kuma in kun dawo a wanke ƙarƙashinta saboda gishiri yana kawo tsatsa. Ku kamo hanya kafin ƙarfe biyu.

Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba ne zuwa Maris. Yuni da Yuli ruwan sama ya fi yawa, teku ya fi hauka, kuma titin yana cika da ruwa. Ƙarshen Disamba da ranakun Sallah wurin yana cika maƙil, kuɗin ɗaki da na kwalekwale duk su tashi, don haka in kuna da zaɓi ku ɗauki wani makon.