Injin ƙaramar Camaro ta 1969: ina ake samun kayan da suka yi daidai da na ainihi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina harhaɗa ƙaramar motar roba ta Chevrolet Camaro Z/28 ƙirar 1969, mai ma'aunin 1/25, wato motar ainihi ta ninka ta sau 25 a tsawo. Injin da ya zo a kwalin bai gamsar da ni ba, kafireto ɗinsa dunƙule ne kawai, babu wayoyin fulogi. Na sayi wani injin rezin (wani sinadari da ke daskarewa ya yi tauri) ta intanet da aka rubuta V8 na Chevrolet, amma da na ɗora shi bonet ya ƙi rufuwa. Ina zan samu kayan da suka dace?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka sake sayen komai, ka san injin da kake son kwaikwayo kamar yadda makanikensa ya san shi. Sunan V8 na Chevrolet, wato inji mai silinda takwas, ya haɗa injuna da yawa. Dangin ƙananan injunan kamfanin sun fara fitowa a 1955, aka yi shekaru da dama ana ƙera su, ana sauya musu kayan sama, ga kuma dangin manya irin 396 masu faɗin kai. Na Z/28 ta 1969 ɗan ƙaramin dangin ne, mai lamba 302, kimanin lita 5, da kafireton Holley mai maƙogwaro huɗu a kan manifol na alminiyam, wato mazaunin kafireto da ke rarraba iska da mai zuwa silinda. Jikin injin ruwan lemo ne, murafun bawul kuma na alminiyam ne masu layi-layi.

Abin da na fi so ka sa wa ido shi ne distiributa, mai rarraba wuta zuwa fulogi. A wannan dangin tana bayan inji, kusa da bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Wasu injunan da ake bugawa da na'urar 3D suna zuwa da mai ƙaton kai da ake kira HEI, wadda koyil ke cikin hularta. Wannan sai tsakiyar shekarun 1970 ta shigo. Motar 1969 tana da ƙaramar hula, koyil ɗinta a gefe yake daban. Duk wanda ya san motar, da kallo ɗaya zai gane an yi kuskure, komai kyan fentin. Haka kuma bakunan salansa, inda hayaƙi ke fita daga kan injin: biyu na tsakiya a manne suke da juna a kowane gefe. In ka ga huɗun sun jeru da tazara iri ɗaya, to ba ɗan wannan dangin ba ne.

Game da bonet da ya ƙi rufuwa, ina zargin ɗayan abu biyu. Ko dai injin na 1/24 ne, wanda ya fi 1/25 girma da kusan kashi 4 cikin 100, ko kuma an yi masa doguwar manifol ta tsere. Kashi 4 ba ya cika ido, amma a ƙarƙashin bonet rabin milimita ya isa ya ɓata aiki. Kamfanonin Japan irin Tamiya, Fujimi, Aoshima da Hasegawa sun fi yin 1/24, na Amurka irin AMT da MPC kuma 1/25. Ka riƙa tambayar mai sayarwa tsawo da faɗi da tsayin injin a milimita, ka auna ramin motarka tun kafin ka biya.

Wurin nema na farko, wanda mutane ke rainawa, shi ne wani kwalin. Sau da yawa injin da ya fi dacewa yana kwance a cikin wata motar robar daban, domin inji ɗaya ya shiga motoci barkatai. Shafin intanet na Scalemates yana taimakawa a nan: yana nuna shekarar da aka fara fitar da kowane kwali da wanda tsohon zubi ne aka sake wa hoto, kuma da yawa akwai takardar haɗinsu da za ka duba ka ga guda nawa aka raba injin. Amfanin wannan hanya shi ne roba ce, gam ɗinka na kullum zai kama ta.

Sai ƙananan kamfanoni masu yin kayan ƙari. Ga motocin Amurka, Detail Master na da wayoyi da distiributa, Model Car Garage na da siraran ƙarafa da aka sassaƙa da sinadari, Replicas and Miniatures Company of Maryland kuma ta yi suna a rezin. Hobby Design da Studio27 sun fi karkata ga motocin Japan da Turai da na tsere, ba za su yi maka amfani sosai a wannan aikin ba. Na bugun 3D kuwa, akwai na ban mamaki, akwai na shirme. Kada ka yarda da zanen kwamfuta. Ka nemi hoton abin da aka buga da gaske, ka ajiye shi gefen hoton injin ainihi. Hoton ma a zaɓa: motocin da ake kaiwa baje koli galibi an ƙawata su da tiyo mai saƙar ƙarfe da kayan ƙyalli waɗanda masana'anta ba ta taɓa sa musu ba. Littafin gyaran motar na shekarar da hotunan motar da aka mayar yadda ta fito su ne abin dogaro.

Wayoyi da bututu kuwa da hannunka za ka yi su, lissafin kuma ɗaya ne: girman ainihi a raba da 25. Wayar fulogi mai milimita 7 ta koma kusan 0.28, don haka nemi ta 0.3. Wadda ta kai 0.5 a ido kamar ba komai, amma a kan injin sai ta zama kamar igiya, kuma wannan ne kuskuren da na fi gani. Tiyon lagireto kimanin milimita 1.5 zai yi, wayar darma tana lanƙwasuwa yadda kake so ta kuma tsaya. Ka huda hular distiributa da ɗan mahudin hannu, ka jera wayoyin bisa tsarin tashin wuta na wannan injin, 1-8-4-3-6-5-7-2, kana bin hannun agogo. Silinda 1, 3, 5, 7 suna gefen direba, 2, 4, 6, 8 suna ɗaya gefen.

Idan ka koma ga rezin, wanke shi da ruwan sabulu kafin fenti, ka manna da sufa gulu ko gam mai haɗi biyu, domin gam ɗin roba ba ya cin sa. In za ka goge shi, jiƙa samfefa, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. Injin da ka riga ka saya kuma kada ka yar. Cire manifol da matatar iskarsa, ka gwada rufe bonet. In ya rufu, jikin injin lafiya yake, kayan sama kawai za ka sauya.