Amsar tambayar ƙwari

Salamu alaikum 'yan gida. To ƙanena, na saurari muryarka, kana tambaya wai in an ce ƙwari har da ɓera da jan-baki ake nufi, tunda su ma ɓarna suke. A'a. Ɓera ɓera ne, jan-baki tsuntsu ne. Ƙwari su ne ƙananan halittun nan masu rarrafe da masu tashi, su sauro, kuɗin cizo, kyankyaso, gara, fara, har ƙwarƙwata. Ɗaya ƙwaro.

Amma fa nan Maradi in manomi ya ce maka "gonata ta yi ƙwari", bai gaya maka komai ba tukuna. Tambaye shi wane iri. In hatsi ya riga ya fid da kai, galibi murzuna ce, tsutsar nan da ke bin zangarniya tana ci a murɗe, ka ga layi ya zagaye ta daga ƙasa har sama, ka girgiza sai dusa. In wake ne cikin buhu, wannan ƙwaron daban ne. Tun daga gona yake biyo waken, shi ya sa za ka ɗinke buhu lafiya lau, bayan wata biyu ka buɗe ka tarar duk huji. Don Allah a daina zuba wa abin da za a ci fiya-fiya, maganin ƙwarin nan mai guba. Buhun PICS ya fi, mai leda biyu ciki, a ɗaure kowace da kyau, iska ta ƙare masa ya mutu da kansa.

Kuma ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba. Ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na Tarna nan Maradi suna kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro, a rataya shi a gonaki cikin 'yan buhunna, ya fito ya bi murzuna ya kashe. Fara kuwa, wadda ta shigo ƙasar nan a 2004 ta taimaka wajen yunwar 2005, ai mu ma ba mu bar danginta ba, soyayya da yaji, kwano-kwano a kasuwa.

Sannan in ka ji an ce "yaron nan ƙwaro ne a lissafi", kar ka ɗauka zagi ne, gwani ake nufi.

Ƙwaron da ke cin gonarka, ɗauko hotonsa da na ganyen ka turo mu gani, kafin ka sayi magani.